Gonar Ciyawar Na-Sani

Duk shekarun da Na-Sani ya yi yana tuƙa motar haya, bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. In ya ɓata, sai ya ce hanyar ce aka sauya wa wuri. In fasinja ya buɗe baki zai gaya masa wani abu, ko da cewa ne taya ta sace, kafin ya kai ƙarshen magana ya tare shi da "Na sani." Haka sunan ya manne masa, har ta kai 'ya'yansa ma sai sun ɗan yi tunani kafin su tuna sunansa na gaskiya.

Da idonsa ya fara rauni, mai motar ya karɓe makulli, Na-Sani ya dawo gida. A majalisa cewa ya yi shi ya ajiye aikin don ya ba na baya dama. Zaman gida kuwa bai karɓe shi ba. Ya gyara rediyon gidan har ta daina magana, ya gyara famfo har aka koma ɗebo ruwa a maƙwabta. Mai ɗakinsa, mace mai haƙuri amma mai kaifin harshe, ta shiga ɓoye duk wani abu da ke da noti a jikinsa.

A bayan gidan akwai wani fili na surukarsa, wadda kowa ke kira Inna. Ta ba 'yarta aro tana shuka kuɓewa da tumatir da barkono. A gefen filin aka kafa turakun awakin gidan, har da wani bunsuru mai wari da taurin kai da Na-Sani ya raɗa wa Kwandasta, wai don shi ma, kamar kuɗi a hannun kwandasta, duk abin da ya shiga bakinsa ba ya dawowa. Akwai kuma jar saniyar Inna da ta kawo ajiya, tana ɗauke da ciki. Tsohuwar na son saniyar nan fiye da wasu daga cikin jikokinta, ba ta kuma ɓoyewa.

Wata rana gab da damina, ƙungiyar masu kiwo ta unguwa ta gayyato malamin gona ya yi musu bayani a kan abincin dabbobi. Na-Sani ya je, don ya ji an ce akwai kujeru da inuwa. Malamin gona ya ce ciyawa ma shuka ta ake yi kamar hatsi. Ya ce a haɗa ta da wani wake mai yaɗo da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabba kuma ƙiba. A raba fili gida-gida, dabbobi su ci wannan gidan yayin da wancan ke hutawa. Rarar kuma a yanka ta, ta sha iska, a danne ta a rami a rufe ruf, ta jira rani. Na-Sani na jin rabin farko na kowace magana, rabi na biyu kuma yana gyaɗa kai yana gaya wa na kusa da shi cewa duk ya san wannan.

Abin da ya ji gaba ɗayansa guda ne: shugaban ƙungiyar zai sauka bayan damina, kuma duk wanda gonar ciyawarsa ta fi kyau shi za a ɗora a kujerar.

Mutane suka yi layi don karɓar iri. Na-Sani ya ratsa layin, ya leƙa tafin hannun malamin gona, ya ga waken baƙi ne mai sheƙi. Ya yi dariya, ya ce ai wannan a zube yake a ƙarƙashin gadar bakin rafi, inda motarsa ta taɓa mutuwa. Shi da girmansa ba zai bi layi saboda abin da tsuntsaye ma suka ƙi ba.

Malamin gona ya ce, "Ai na bakin rafin nan kama kawai suka yi, wancan..."

"Na sani," in ji shi, ya juya ya tafi.

Da yamma ya shigo gida da buhu a kafaɗa, yana susar hannuwa har gwiwa. Mai ɗaki ta tambaye shi ko gidan tururuwa ya faɗa. Ya ce mata ƙarfin irin ne. Irin da ke cizo tun kafin a shuka shi, shi ne iri mai rai, ba irin malamin gona ba da ya mutu a durowar ofis.

Washegari ta fito da bokitin ban ruwa, ta tarar da kuɓewarta a kwance, saiwa a sama, maigidan na tsaye a kai da fartanya kamar wanda ya ci yaƙi. Ta ajiye bokitin a hankali ta tambaye shi me zai shuka da ya fi abin miya. Ya ce ciyawa.

"Ciyawa," ta ce. "Wadda nake cirewa kullum ina zubarwa."

Ya ce waccan ciyawar jahilai ce, tasa ta ilimi ce. Kuɓewa kowa na shukawa.

Ta ce, "Ciyawa kuma Allah ke shukawa, har a kan rufin bayan gida, bai kuma tumɓuke kuɓewar kowa ba."

Da ya ga ta ɗauki mayafi za ta kai ƙara, sai ya riga ta zuwa gidan Inna. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya zayyana mata yadda saniyarta za ta yi ƙiba har sai an faɗaɗa ƙofa, nono kuma sai an nemo duro. Ya ce in abin bai yi ba, ta karɓe filinta da saniyarta, ya yarda. Inna ta dube shi ta ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Na-Sani ya dawo gida ya gaya wa matarsa cewa Inna ta sa albarka.

Maƙwabcinsu na katanga ɗaya tela ne, tagar shagonsa na kallon filin. Tela da Na-Sani sun yi shekaru suna gaisawa da safe suna musu da rana. Ranar da ruwan farko ya sauka, Tela ya jingina da taga yana kallon Na-Sani na watsa irin ciyawa yana taku ɗaiɗai, ƙirji a gaba. A bayansa kuma kajin Tela da zabinsa ne a jere, suna bin sawunsa suna tsincewa. Tela ya bari sai da ya kai ƙarshen fili, sannan ya yi masa barka da samun fasinjoji, ya ce rabon da ya ga motarsa ta cika haka tun yana saurayi.

Na-Sani ya kore su, suka dawo. Ya sake shukawa, suka sake zuwa da 'yan'uwansu. Waken bakin rafin kawai suka ƙi taɓawa, shi kuwa ya ce ko kaza ta san abin da ya fi ƙarfinta.

Sai ya kafa mutum-mutumi a tsakiyar fili. Ya sa masa tsohuwar kwat ɗinsa ta tuƙi da hular da yake sawa a tasha, har da tabarau. Kajin suka tsaya nesa kaɗan na rabin yini, daga nan zakara ya hau kafaɗarsa ya yi cara, wata kaza kuma ta mai da aljihun kwat ɗin wurin saka ƙwai. Masu wucewa suka riƙa ɗaga masa hannu suna yi masa sannu da aiki. Tela ya rantse a majalisa cewa tunda yake, sai yau ya gai da Na-Sani ya kai ƙarshen gaisuwarsa ba a katse shi ba, kuma in ana neman shugaba mai sauraro, ga shi can a tsaye cikin rana.

Abin ya ci wa Na-Sani rai, ya ƙudura sai ya sa ciyawar ta yi tsawon da za ta toshe tagar Tela. Ya je kasuwar shanu ya yi lodin kashin shanu a baro, ya zuba a duro, ya cika da ruwa, ya rufe ya bar shi a rana ya nuna. Ranar da ya buɗe, tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka tashi gaba ɗaya. Ƙudajen unguwanni uku suka yi ƙaura zuwa bayan gidansa. Wata mata ta mayar wa Tela rigar da ya ɗinka mata, ta ce ita ɗinki ta kawo, ba ta ce a jiƙa mata shi a garke ba. Tela ya leƙo da ƙyalle ɗaure a hanci ya tambaya ko wani ne ya mutu. Na-Sani ya shaƙi iska har ƙirjinsa ya taso, idonsa na hawaye, ya ce wannan shi ne ƙanshin arziki.

"Ashe haka arziki ke wari," in ji Tela. "Shi ya sa bai taɓa shigowa shagona ba, yana jin kunya."

Damina ta zauna. Ciyawar ta fito jefi-jefi kamar gemun ɗan akuya, amma waken ya samu taki ya haukace. Ya rufe ƙasa, ya hau katanga, ya naɗe igiyar shanya, ya haɗiye mutum-mutumi har hularsa. Ya tsallaka ya rufe allon shagon Tela, har wani baƙo ya shigo yana tambayar ko nan ne ake sayar da ganye. Na-Sani ya riƙa tare mutane a hanya yana jawo su su gani. Ya ce malamin gona da kansa in ya zo sai ya nemi a koya masa.

Daga nan ya shiga raba fili. Ya kafa sanduna, ya ja igiya, ya kira wannan tasha ta farko, wancan tasha ta biyu, har ya ƙure filin. Ya samo usur ya rataya a wuya. Ya tara awaki ya yi musu bayani cewa busa ɗaya a ci, busa biyu a matsa gaba, busa mai tsawo kowa ya koma turke. Awakin suka saurare shi da kyau suna tuƙa. Ya busa ɗaya, suka cinye igiyar da ta raba tasha ta farko da ta biyu. Ya busa biyu, suka watse kowacce ta kama gabanta. Ya busa mai tsawo har jijiyar wuyansa ta tashi, Kwandasta ya ɗare katanga ya dira ta tagar Tela. Kafin a fito da shi ya cinye hannun wata riga da rabin igiyar awo. Tela ya ce daga yau duk wanda wandonsa ya zo a gajarce, ya je ya tambayi bunsurun Na-Sani, sauran awon na cikinsa.

Da awaki suka ƙi koyo, sai ya ce dama ƙananan motoci ba su da ladabi, bari ya gwada babbar. Wata safiya bayan ruwa, ya kwance saniyar Inna da yunwarta ya sake ta cikin ɗanyen ganyen wake jiƙe sharkaf. Ta ci, ta ci, ta ƙara ci. Kafin rana ta take, gefen cikinta na hagu ya taso kamar ganga, tana nishi, ƙafafu a ware. Na-Sani ya zagaya ta, ya buga cikin da yatsa ya ji ya yi ƙara, farin ciki ya kama shi. Ya fita ya kira maƙwabta su zo su ga saniyar da ta yi ƙibar wata shida kafin azahar.

Mai ɗaki ta fito, ta yi wa saniyar kallo ɗaya, ta zuba da gudu ba takalmi. Ta dawo da likitan dabbobi a kan babur. Likitan ya ture taron, ya zura wa saniyar roba ta baki, ya danna cikin. Iskar da ta fito ta yi wata doguwar ƙara mai kauri, daidai fuskar Na-Sani da ya sunkuya yana ba da shawara. Hularsa ta faɗi. Da ya samu numfashi, ya gaya wa jama'a cewa ya gane matsalar tun farko, salansar hayaƙinta ce ta toshe kamar ta mota, yana shirin buɗewa ke nan likita ya riga shi.

Ranar mai ɗaki ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ja saniyar ta ɗaure a tsakar gida kusa da madafa, inda idonta ke kai. Kullum ta ɗauki lauje ta yanko mata ciyawar bakin hanya, ta haɗa mata da dusa. Saniyar ta murmure, gashinta ya kwanta yana sheƙi. Na-Sani ya riƙa nuna ta ga baƙi yana cewa wannan fa iskar gonar kawai take shaƙa ta katanga, ina ga wadda ta ci.

Saura rami. Abin da ya riƙe daga bayanin malamin gona kalma biyu ce, rami da rufewa. Ya haƙa rami a tsakiyar fili, ya yi ta haƙa har sai da Tela ya miƙa masa igiya ya fito. Ya yanko ganye ɗanye shar ya zuba. Ya duba ya ga ciyawar da za ta zauna har rani ai ƙishi zai kashe ta, sai ya tuttule mata ruwa, ya ƙara da ragowar abin da ke cikin duro don ta yi ƙarfi. Ya shimfiɗa tsofaffin tabarmi a bakin ramin, ya barbaɗa ƙasa da ganye yadda ko awaki ba za su gane wurin ba. Ya ɓoye shi da kyau ƙwarai, har shi kansa wani lokaci sai ya tsaya yana tunanin ta wane gefe yake.

Ruwa ya fara ɗaukewa, ranar zagayen gonaki ta matso. A daidai lokacin mai ɗaki ta tafi jinyar ƙanwarta da ta haihu, ta bar saniyar a hannun matar Tela, ta kuma ja mata kunne kada ta bari maigidan ya matso kusa da ita. Na-Sani ya samu fili. Ya kafa dogayen sanduna, ya ɗaga yaɗon waken a kansu, ya yi wata rumfa mai faɗi da za ta ɗauki jama'a. Waken ya riga ya zuba 'ya'ya, kwansuna reto-reto, sun bushe sun yi wani gashi ruwan zinare mai laushin gani kamar karammiski. Yana aikin yana susa, yana ce wa kansa gumin shugabanci ne. A kwanakin nan ma Tela ya fara susa a shago, ya ɗora laifin a kan kuɗin cizo, har ya fito da katifarsa ya banka mata wuta a bakin titi.

Ranar ta zo. Na-Sani ya ari kujeru, ya ari lasifika, ya sa babbar rigarsa. Masu kiwo suka cika rumfa, shugaba mai sauka ya zauna a gaba da carbinsa, Tela ya zaɓi kujerar da ta fi kusa don kada komai ya wuce shi. Mai ɗaki ta iso kai tsaye daga tasha tare da Inna, wadda ita ma ta je ganin jaririn. Aka ba Inna kujerar tsakiya. Da ta ji surukinta ne ya kafa rumfar da hannunsa, sai ta ƙi rufe laimarta, ta jawo 'yarta kusa da ita ƙarƙashi.

Na-Sani ya hau benci ya kama jawabi. Ya fara daga ranar da aka haife shi. Ya kai shekarar da ya fara tuƙi ke nan sai ga malamin gona ya iso a makare, don ya tsaya duba wasu gonakin. Ya sa ƙafa a bakin shinge, ya ɗaga kai ya ga abin da ke reto a saman kawunan jama'a, ya tsaya cak. Ya ɗaga hannu biyu, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tashin jariri, kowa ya fito a hankali, kada wanda ya taɓa sandar nan.

Na-Sani ya ga mutum ya ɗaga hannu biyu baki buɗe, ya tabbata mamaki ne ya kashe shi. Ya ce cikin lasifika, jama'a su shaida, ga malamin gona ya sallama. Malamin gona ya ce, "Alhaji, wannan ba waken dabbobi ba ne, wannan..."

"Na sani. Ya fi naka. Bari ka ga yawan 'ya'yansa."

Ya kama sandar tsakiya da hannu biyu ya girgiza ta iya ƙarfinsa.

Wani gari mai ƙyalli ya sauko a hankali cikin hasken rana, gwanin kyau, har wata tsohuwa ta ce masha Allah. Ya sauka a wuya, ya shiga kwala, ya bi hannun riga. Shugaba mai sauka ne ya fara, cikin mutunci, da ɗan yatsa ɗaya a bayan kunne. Sai ya ƙara yatsa. Sai ya ajiye carbi. Kafin a ce kwabo, dattawan da ba a taɓa ganin haƙoransu a waje ba suna tsalle suna cire riguna. Wani ya kama bayan wanda suka shekara ba sa magana yana sosa masa, shi ma ana sosa masa. Wani mahauci ya tuɓe takalminsa yana kankare ƙafa da shi. Tela ya rasa inda zai kai hannu a tsakiyar bayansa, ya jingina da wata sandar rumfa yana goga kamar jaki, kowace goga kuma na ƙara zubo garin a kan jama'a.

Na-Sani, da yake shi ne a sama, shi ya kwashi kaso mafi tsoka. Ya ji kamar an zuba masa garwashi a cikin riga. Ya ɗaga hannu zai kai wuya, sai idonsa ya faɗa cikin na Inna. Tana zaune ƙarƙashin laimarta, ko ƙwayar gari ɗaya ba ta taɓa ta ba, tana kallonsa ba ƙiftawa. Mutum da girmansa, a kan benci, ya sosa hammata a gaban surukarsa? Ya sauke hannun. Ya ci gaba da jawabi a kan amfanin wake ga ƙasa, muryarsa na hawa tana sirancewa. Kafaɗarsa ta dama ta fara rawa ita kaɗai, ta hagu ta karɓa. Ya goga gwiwa da gwiwa, ya murɗa ƙugu. Ya ce wa jama'ar da ba mai sauraronsa, wannan da suke gani yana nuna musu ne yadda lafiyayyar saniya ke korar ƙuda.

Inna ta juya ta tambayi 'yarta ko dama yana rawa ne ba ta sani ba.

Ba a tuna da Kwandasta ba. An ɗaure shi a gindin rumfa don a nuna wa baƙi, garin kuwa ya shiga gashinsa har fata. Ya tsinke igiya, ya yi birgima, ya tashi ido jajir yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Ya hango wata babbar riga tana karkaɗawa a kan benci. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya taho ba birki.

Na-Sani ya tashi sama da lasifika a hannu, ya sauka da ƙafa biyu a kan wani wuri mai kyau da ganye ya rufe. Nan ne ya tuna ta gefen da ramin yake. Tabarmi suka buɗe, ya shige. Duk unguwa ta ji ƙarar faɗawarsa ta lasifika, ta kuma ji abin da ya ce daga baya, wanda ba jawabi ba ne.

Warin da ya taso daga ramin ya ƙarasa abin da ƙaiƙayi ya fara. Jama'a suka watse, hannu ɗaya a hanci ɗaya a baya, wasu ta ƙofa wasu ta katanga, suka nufi famfon unguwa. Malamin gona na bin su yana roƙon kada su sosa, ba wanda ya ko waiwaye shi. Maganar shugabanci ba a sake ta da ita a filin nan ba.

A cikin rami, Na-Sani na tsaye cikin baƙin ruɓaɓɓen ruwa har ƙirji, ganye a ka. Can sai ya lura ƙaiƙayin ya lafa duk inda sanyin taɓon ya taɓa. Ya ɗago kai ya ga fuskar Tela a bakin rami, ta kumbura, ido ɗaya a rufe. Ya gaya masa cewa dama don haka ya haƙa ramin, mai hankali ba ya shuka cuta bai tanadi magani a kusa ba. Tela ya buɗe baki zai mayar masa, ƙaiƙayin bayansa ya motsa. Ya haɗiye maganar, ya durƙusa ya miƙa hannu, ya ce a ɗan sam masa kaɗan.

Inna ta tashi ta leƙa daga nesa, laima a hannu. Na-Sani ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya gaishe ta, ruwan ya kai masa haɓa, ya miƙe. Ta ce ya bar shi, ta amsa. Ta ce saniyarta za ta kwana a gidanta yau, filin kuma a sa masa wuta a mayar da kuɓewa. Ciyawa a bar wa Mai ita, tunda bai taɓa neman taimako ba. Ta juya ta karɓo saniyar a hannun matar Tela, ta tafi tana jan igiyarta, saniyar na bin ta ko waiwaye ba ta yi.

Mai ɗaki ta je shagon Tela ta aro tsani. Ta dawo ta tsaya a bakin rami tana kallon mijinta, ga ganye a kunne, ga babbar riga ta koma tsumma. Tausayi ya ɗan kama ta, ta fara zura masa tsanin. Shi kuwa ba tsanin yake kallo ba. Ya ware hannuwa yana auna faɗin ramin, ya dafa bangon, ya buga ruwan da tafi.

Ya ce, "Kin lura kuwa ramin nan ba ya yoyo? Tun yaushe na zuba ruwan nan, ko kaɗan bai ragu ba. Kin san abin da ake samu a kiwon kifi?"

Mai ɗaki ta tsaya. Ta jawo tsanin sama a hankali, mataki bayan mataki, ta saɓa shi a kafaɗa. Ta mayar wa matar Tela, ta yi mata godiya, ta ce ba a buƙatarsa tukuna.